Ƙwallo ta Uku

Da sunan Allah na fara wannan littafi, da shi kuma nake ci gaba. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi kamar mai kewaye rijiya marar murfi. Na rubuta muku tasowata a Damaga, na rubuta zuwana Talata Mafara, amma duk sanda na iso nan sai in rufe littafin in ce sai gobe. Abin da ya hana ni sake cewa gobe shi ne Sallar da ta wuce, da kuka taru a tsakar gida ana rabon nama, na ji ɗayanku, ba zan ce wa ba, yana tambaya, "Ina Yaya Ni-na-ci, bai iso ba?" Kuka kwashe da dariya, har da jikoki. Ban ga laifinku ba. A titi kuka tsinci sunan, ba ku san inda ya fito ba. To daga wurina ya fito, ni da ban taɓa furta shi ba ko sau ɗaya.

Yayanku shi ne ɗana na fari. A inda na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shiga rigimarsa. In ya faɗi sai ta kalli wani wuri har wata ta zo ta ɗaga shi. Uwata Bafillatana ce, ta riƙe wannan kunya fiye da matan gari. Ni ce 'yarta ta fari, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Saboda haka da aka yaye yayanku sai ya koma ɗakin kakarku Hajja, mahaifiyar mahaifinku, ya tashi yana ce mini Yaya kamar yadda ƙannena suke kirana. Har yau hannuna ba ya iya rubuta sunansa. Duk inda kuka gan shi a nan cikin maganar wasu, ƙanwarku Asma'u ce ta cike da nata alƙalamin.

Nasiru kuwa kun san shi, ɗan Baffanku Alhaji na Bakura, wan mahaifinku. An kawo mana shi yana ɗan shekara bakwai saboda makaranta, wata huɗu ne tsakaninsa da yayanku. Shi ke ce mini Inna, shi nake fara zuba wa tuwo, shi nake ƙwala wa kira har maƙwabta su ji. Haka ake riƙon ɗan wani, kuma ban yi shi don ganin ido ba, na so shi da gaske. Suka tashi dogaye, kamanninsu ɗaya, mutanen unguwa na ce musu tagwayen Hajja. Ba su da wata sana'a da ta wuce ƙwallo. Hajja takan ce ta haifi manoma, manoman sun haifa mata 'yan guje-guje.

Ni kuma a shekarun nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu ta ce mana hannu kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi sai ya dakushe, kowace ta riƙa rubuta abin da ta gani kullum. To ni da ba fita nake yi ba, me zan gani? Sai dai in na hau soro shanyar tumatir da kuɓewa, ina hango filin firamare da ke bayan gidanmu, inda samari ke ƙwallo da yamma. Soron nan yana daidai da ragar gabas, kamar an auna da igiya, in na zauna a bayan rawaninsa, ɗan bangon da ya kewaye samansa, ina ganin layin raga daga wannan turke zuwa wancan. Sai na fara rubuta abin da nake gani. Wa ya ci, wa ya ba shi, sau nawa gola ya tare, sau nawa aka yi bugun kwana. Ina jera busasshiyar kuɓewa a kan faifai don kada lissafi ya ɓace mini, in an tashi in kwashe cikin littafi. Sunan kowa ina rubutawa. In na zo kan yayanku sai in ɗaga alƙalami in bar wurin babu komai, in ci gaba. Ni kaɗai ke karanta abina, na san wanda nake nufi.

Shekarar da su biyun suka cika goma sha tara, da farkon bazara, aka kawo wata babbar ƙungiya ta 'yan albashi, irin waɗanda ake jin wasansu a rediyo, don su buga da yaranmu. Ba a taɓa yin haka a Mafara ba, ban kuma ji an sake ba. Aka tsinto 'yan wasa daga Mafara da Bakura da Maradun aka haɗa su wuri ɗaya, aka ɗinka musu riguna masu ruwan ɗorawa, ko lamba babu a bayansu. Yayanku da Nasiru duk sun shiga. Alƙalin wasa shi ne Malam Bawa, tsohon malamin makaranta daga Maradun, wanda ake cewa ko ɗan cikinsa ne ya yi satar gida sai ya busa. Ranar tun kafin azahar motocin Bakura ke sauke mutane. Yara a kan bishiyoyi kamar jemagu. Ni ina kan soro da faifaina, Hajja na ƙasa a gindin tsani tana tambaya.

"Mi anka yi? Wanga ihu na wa ne?"

"Sun ci mu ɗaya, Hajja."

"Tun yanzu? Ina mazan nawa? Ko tuwon rana ya yi musu nauyi?"

Kafin a je hutu sun ƙara ta biyu. Filin ya yi tsit, har ina jin muryar mai sayar da rake. Mutanen nan ƙwallo na bin ƙafarsu kamar da zare aka ɗaure ta. Ba don golanmu ba, wani ɗan Maradun, da kunyar ta fi haka, don faifaina ya nuna sau bakwai yana tarewa kafin hutu. Da aka dawo sai abu ya juya. Yayanku ya ɗago bugun kwana, Bello ɗan Damaga ya sa kai, ta shiga. Ba a jima ba ya sake ratsa mutum biyu ya miƙa wa Nasiru, Nasiru ya zura. Biyu da biyu. Hajja na ƙasa tana guɗa ba ta ma san wanda ya ci ba. Daga nan baƙin suka fusata, suka tare a gaban ragarmu, golanmu ya ƙara tare huɗu, ɗaya da fuskarsa. Kuɓewa na zubewa daga faifai ina tsincewa.

Inuwar soronmu ta kusa taɓa turken raga, Malam Bawa ya fara duba agogonsa, sai ƙwallo ta faɗo wa yayanku a gefen hagu, can kusa da layin waje. Kowa ya ɗauka zai ɗago wa Nasiru ne, don Nasiru na shigowa da gudu. Ya buga ta, ta lanƙwaso, ta haye kan golansu, ta daki turken nesa ta ciki, ta sauka bayan layi da kamar taki ɗaya. Sai a sannan Nasiru ya iso da sulɓi, ya kwashe ta ya faɗa cikin raga da ita. Tsakanin saukarta da isowarsa bai wuce ƙiftawar ido ba, amma na gani, don babu wanda ke zaune inda nake. Jama'a suka ɓarke cikin fili. Mai riƙe da tutar layi aka ture shi ya faɗi. Suka ciro Nasiru daga raga suka ɗaga shi sama suna kiran sunansa. Malam Bawa bai ma iya sake tara mutane ba, ya busa tashi. Uku da biyu. Yayanku na tsaye shi kaɗai inda ya yi bugun, ya ɗago kai ya kalli soronmu. Na sunkuya na shiga tattara tumatir.

Da na sauko na rubuta duka. A ƙarshen shafin na sa, "Ta uku," na bar wurin suna, na rubuta, "ya ci."

Kwana goma bayan haka takarda ta zo wa kwamitin wasan daga ƙungiyar nan. Suka ce suna da gurbin mutum ɗaya, a aiko musu da yaron da ya ci ta ukun su gwada shi. Ba su san suna ba, rigunan ba lamba, yaran kuma kama ɗaya. Gari duka ya ce ai Nasiru ne. Baffanku Alhaji ya zo daga Bakura da buhun shinkafa da kaji, yana ta karɓar barka. A gaban kwamiti kuwa yayanku ya miƙe ya ce shi ya ci. Aka yi masa ca. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce rashin kunya, ɗan'uwanka ya samu ka tashi ka ce naka ne. Malam Bawa kaɗai ya ce shi kam yana tsakiyar fili, ya ga ƙwallo a raga ne kawai, ba zai sa hannu a takarda ba sai ya ji daga wanda ya gani.

Washegari da hantsi ina tsince shinkafa a ƙofar ɗakina, sai ga inuwar mutum a kan tabarma. Yayanku ne. Bai saba zuwa ƙofata ba, in yana son abu Hajja yake gaya wa. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ni, na amsa ina kallon shinkafa.

"Yaya, kin gani."

Na ci gaba da tsince shinkafata.

"Na san kin gani, don na ɗaga kai na ganki a kan soro. Kuma na san kina rubutawa. Ni ke gyara miki tsanin nan duk shekara, na san abin da kike hawa yi."

Na ce, "Allah ya ba kowa rabonsa."

"Amin. Ni ban ce a hana Nasiru komi ba. In sun ce shi suke so, shi tahi, ni zan kai shi tasha. Amma ana ce mini maƙaryaci a kasuwa, Yaya. Ban taɓa roƙonki komi ba. Abin da kinka gani kawai za ki faɗi."

Ban ɗago ba. Ya jima a durƙushe, sannan ya ce ya riga ya gaya wa Malam Bawa zancen littafin, za su zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ya tashi ya fita. Shinkafar nan sai da na sake tsince ta daga farko, don ban san inda na zuba tsakuwa ba.

Kwanaki ukun da suka rage gidan ya zama kamar ana jiran hadari. Su biyun da ke cin abinci a kwano ɗaya tun suna yara, kowa ya koma ci shi kaɗai. Nasiru ya same ni a madafa, ya tsuguna kusa da murhu kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Inna, wallahi ni ban sani ba. Na ji ta a ƙafata, na faɗa ciki, sai na ji an ɗaga ni. In kin ce ba ni ba ne, na yarda. Sai dai Baba ya riga ya gaya wa Bakura duka."

Na ce masa ya je ya ci abinci kada ya huce. Mahaifinku kuwa bai ce mini yi ba, bai ce kar ki yi ba. Ya dai tsaya a ƙofar ɗaki yana gyara hularsa, ya ce Yaya Alhaji ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, bai taɓa musa masa magana ba, bai san da wane ido zai dube shi ba in aka ce daga cikin gidansa aka ƙwace wa ɗansa abu. Ya faɗi haka ya tafi masallaci. Na je wurin Hajja, don ita ta raini yayanku, na ɗauka ko za ta ɗauke mini nauyin. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Yayanku ya wuce ta tsakar gida, ta bi shi da tsiya kamar kullum.

"Kai mijin banza, ko cefane babu, sai ɗaure fuska? In sun ɗauke ka wa za ya saya mini goro?"

Bai tanka ba, shi da ba ya barin ta ta ci bashin magana. Da ya fita sai ta ajiye gyaɗar, murmushin ya bar fuskarta.

"Ni duka jikokina ne, wanda anka ɗauka nawa ne. Ke ce abin ya faɗo ma. In kin ce naki ne, ko gaskiya ce, matan garin ga za su ce an ba ki amanar ɗan wani, ranar da rabo ya zo kin tuna wanda kinka haifa. In kin yi shiru, za su ce ɗiyar mutunci ce. Shi kau yaron, ban san mi za shi ce ba."

Na ce, "Hajja, ke me kika gani ya dace?"

Ta ce, "Ni ina gindin tsani, ɗiyata. Ke ce a sama."

Ranar Juma'a bayan la'asar zaure ya cika. Ga Malam Bawa, ga mutum uku na kwamiti, ga Baffanku Alhaji a kan buzu, ga mahaifinku, yaran biyu na zaune a bakin ƙofa, kowa na kallon ƙasa. Mahaifinku ya shigo ya karɓi littafin, ya ce in tsaya a bayan ƙofar ciki ko za a buƙace ni. Na tsaya da mayafina, ina jin komai, ta tsagar ƙyaure kuma ina hango gefen fuskar yayanku. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da zafi, aka yi addu'a. Sannan Malam Bawa ya sa tabarau ya buɗe shafin. Duk inda na bar babu suna sai ya ce wane.

Ya karanta cewa baƙi sun ci biyu kafin hutu, sun yi bugun kwana tara, mu huɗu. Golanmu ya tare goma sha ɗaya, nasu ya tare uku. An ba mutum biyu katin gargaɗi, duka nasu. Bello ɗan Damaga ya ci ta farko da kai, wane ya ɗago masa. Nasiru ya ci ta biyu, wane ya ba shi. Nasiru ya buga raga sau uku, wane sau biyar. Wani daga cikin kwamiti ya ce, "Ikon Allah, wanga ai ya fi takardar da munka rubuta." Malam Bawa ya ce ya fi tasa ma, shi bai ƙirga na gola ba. Aka ɗan yi dariya. Sai ya kai ƙarshen shafin, ya yi gyaran murya.

"Ta uku, wane ya ci."

Baffanku Alhaji ne ya fara magana, a hankali, ba da faɗa ba.

"To Malam, ina shaida a nan? Inda anka bar wuri babu suna, ba a gane mutum ba ke nan."

Malam Bawa ya ce, "Alhaji, duba nan. Wanda ya ɗago ma Bello, babu suna. Wanda ya ba Nasiru, babu suna. Kowa a filin ya san Kabiru ne. Kai da ni mun san abin da ke hana mace rubuta suna."

Baffanku ya ce, "Wancan kowa ya gani. Wagga ita ce ba a gani ba. Ka san zuciyar mai rubutu? Ga ta nan bayan ƙyaure, a tambaye ta mana. Matar ƙanena ce, shekara goma sha biyu tana riƙe mini ɗa, ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba. Abin da ta ce, na karɓa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam Bawa ya juyo wajen ƙofar, ya gaishe ni da ladabi, na amsa da ƙyar. Mutum ne mai hankali, ya san inda ƙaya take, ya yi ƙoƙarin cire mini ita.

"Malama, ba mu ce ki kira sunan kowa ba, mun san al'ada. Ni zan kira, ke e ko a'a kawai za ki ce. Wurin nan da kinka bari a ta uku, Kabiru kike nuhi?"

Na ji akuya na kuka a bayan gida. Na ga mahaifinku ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Nasiru ya rufe fuska da tafin hannu. Yayanku kuwa ya juyo gaba ɗaya yana kallon ƙyauren, kamar yana ganina ta cikin katako. Kalmar na bakina, gajeriya ce, ko jariri na iya faɗinta. Amma sai na ji kamar an ce in tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa. In tsaya a gaban wan mijina, a gaban baƙi, in ce nawa ne, ku ba nawa. Uwata ba ta taɓa yi ba, uwarta ba ta yi ba. Na ji muryata ta fito, siririya, kamar ta wata.

"Mutane sun cika wurin, Malam. Ban tantance ba, shi ya sa na bar shi haka."

Malam Bawa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Kin tabbata, Malama?" Na ce na tabbata. Baffanku ya ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Sai na ji yayanku ya ce, "Yaya." Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Mahaifinku ya ce masa, "Tashi ka ba mutane wuri." Ya tashi, ya sa takalmansa, ya fita ta ƙofar waje.

Ku lura da abin da na yi, don ba shiru na yi ba, kamar yadda na daɗe ina gaya wa kaina. Da na yi shiru da Malam Bawa ya gane, da ya tsaya a kan abin da ke rubuce. Ƙarya na yi. Na ɗauki kunyar da na gada na rufe ƙarya da ita, aka kuma yaba mini. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna cewa haka ake son uwa. Malam Bawa ya sa hannu, aka rubuta cewa Nasiru ya ci biyu, haka kuma yake a bakin mutane har gobe. Kafin mako ya zagayo yara sun fara bin yayanku da "Ni-na-ci" in ya wuce. Ai ko uwarsa ba ta goyi bayansa ba, in ji su.

Shi ya kai Nasiru tasha kamar yadda ya ce, ya ɗaukar masa jaka. Daga nan bai sake sa ƙafa a filin ba. Da damina ta faɗi ya koma Birnin Tudu wurin wani abokinsa ya kama noman shinkafa. Nasiru ya ci gwajin, ya yi shekara huɗu yana buga musu kafin gwiwa ta dawo da shi gida. Na ji sunansa a rediyo, na yi murna, kuma ba na so ko ɗayanku ya riƙe shi da komai, shi bai yi ƙarya ba. Ko da yayanku ne ya je, ban san ko da sun ɗauke shi ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne, duk Sallah yakan zo, ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar nan, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, lafiya, gajiya, gida, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Babu wanda zai ce ya rage ladabi. Amma da can in ya gama gaisuwa yakan ɗan jima, ya duba tsani, ya duba igiyar guga, ya sami abin gyarawa. Wannan ne ya daina. Shekara tara muna haka. Hajja ta rasu a cikinsu, ita da ke ɗaukar magana daga wurinsa ta kawo mini, sai ya zama ba ni da labarinsa sai abin da na tsinta a bakinku.

A shekara ta tara matarsa ta haifi ɗansu na fari, muka tafi suna Birnin Tudu. Da hantsi, bayan an raɗa suna maza sun watse, mata sun cika tsakar gida, sai ga shi ya shigo har ɗakin mai jego. Ya karɓi jaririn daga hannun ungozoma, ya fito da shi a kafaɗa a gaban kowa, yana jijjiga shi yana cewa, "Hamza, Hamza na Baba." Mata suka ɗauki salati da shewa.

"Kai Kabiru, ɗan fari ne fa! Ina kunya?"

"Zamani ya lalace, wallahi. Ajiye shi kafin surukanka su gani!"

Bai kula su ba. Ya ratso tsakiyarsu har inda nake zaune a gefen rumbu, ya durƙusa, ya ɗora mini yaron a cinya.

"Yaya, ga Hamza. Kira shi ki ji. Shi dai ba ke kinka haife shi ba."

Matan suka ɗauka wasa ne, suka yi dariya, suka koma kan tukwanensu. Na riƙe yaron, na kira shi, na sake kira. Yayanku bai tashi ba. Na ga in ban faɗa a ranar ba, ba zan taɓa faɗa ba. Ban iya kallonsa ba, jaririn na kalla, na yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Ta haye layi. Ta sauka ciki kafin Nasiru ya iso. Na gani sarai."

Ya shiga wasa da yatsun ƙafar yaron. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya yi kuka, na shirya wa duka biyun.

Ya ce, "Na san ta shiga, Yaya, ai ni na buga ta. Ba don in sani na zo ƙofarki ba ran nan."

Na ce, "Na sani."

Ya gyara wa Hamza hula, ya ce rana ta fara zafi a nan, in koma inuwa. Ya kama mini tabarmar, na tashi da yaron a hannu, ya shimfiɗa ta a gindin ɗorawa. Sannan ya zauna a bakinta, bai koma wurin maza ba sai da aka kira azahar.